Darasi na 7: Kuɗin da gwamnati ke da zaɓi a kansu

Kowace shekara a watan Nuwamba, 'yan majalisar dokoki a Yawunde suna zama a kan kasafin kuɗin Kamaru. Abin da suka amince da shi yana fara aiki ranar 1 ga Janairu.

Kuɗin nan iri biyu ne. Akwai na dole: albashin malamai da sojoji, fansho, da biyan bashi. Waɗannan ko ana ha-maza-ha-mata sai an biya. Sai na zaɓi, wato hanya, rijiyar burtsatse, sabon aji, gyaran asibiti, tallafin mai. Gwamnati na iya ƙara su, ta rage, ko ta ɗaga zuwa baɗi.

Na zaɓin nan su suka fi taɓa kasuwarmu. A ce an ba da kwangilar aji biyu a wani ƙauye kusa da Garwa. Ɗan kwangila zai ɗauki magina da lebura, ya sayi yashi wurin mai amalanke, mai ƙosai ta kafa kaskonta a bakin aikin. Da yamma lebura ya biya bashin mai kanti, mai kanti ya sake saro kaya. Jaka ɗaya ta bi hannu da yawa ke nan. In kuwa aka jinkirta biyan ɗan kwangila, duk waɗannan mutane sai su ji a jikinsu.

Matsalar ita ce, da zarar aljihun gwamnati ya yi rauni, kuɗin zaɓin nan ake fara yankewa. Da farashin ɗanyen mai ya faɗi a 2014, ayyuka da dama sun tsaya cak a Kamaru da Cadi. A Fabrairun 2023 aka rage tallafin mai, litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730, a 2024 ta kai 840. Kuɗin mota ya hau, kuma manomin albasa a Marwa ya san abin da hakan ya yi wa ribarsa. Ni dai a ganina, tun da an rage tallafi, haƙƙinmu ne mu ga kuɗin a hanyar Mora zuwa Kusiri da cikin azuzuwa.

Aikin gida: Ku je ofishin magajin gari ku nemi jerin ayyukan bana. Ku kwafi sunan aiki ɗaya da kuɗin da aka ware masa, sannan ku taka ku ga ko an fara. Ku kawo abin da kuka rubuta ranar darasi na gaba.