Kafin ka sa sabon fakej a Debian stable

Jama'a masu Debian stable (tabbataccen reshen Debian, wani nau'in Linux), don Allah ku daina cusa sid ko testing (rassan Debian da ake kan gwadawa) a sources.list (fayil ɗin da ke lissafa inda ake sauko da manhajoji) don kawai kuna son sabuwar manhaja. Eh za ka samu sabon salo, amma apt, wato abin da ke girka fakej, zai jawo sabon libc6 (babban laburaren da kusan duk manhajojin sistem ke amfani da shi) da sauran fakejin da sabuwar manhajar ta dogara da su, sai sistem ɗin ya cakuɗe, shi ba stable ba shi ba testing ba, kuma komawa baya wahala ce sosai, ga shi gyaran tsaron da stable ke samu ba zai shafi wannan fakej ɗin ba, kai za ka riƙa bibiya da kanka. Fara duba backports, wato ma'ajiyar sabbin fakej na Debian, don stable aka gina su. In babu, ɗauki Flatpak (wata hanya daban ta girka manhaja), da kayansa yake zuwa ba ya taɓa na sistem. In ka matsa sai sid, ajiye kwafin fayilolinka tukuna.