Yadda Za A Fahimci Lambobin Da Ke Ƙasa Da Sifili Ta Hanyar Bashi

Mai son fahimtar cikakkun lambobi, ko koya wa ɗansa su, ya fara da ƙirga abin da ba a gutsurawa, kamar awaki uku ko ɗalibai arba'in. Cikakkun lambobi su ne 0, 1, 2, 3 har abin da ya yi sama. Sifili yana cikinsu, amma rabi da sulusi da kwata ba sa ciki, domin babu wanda ya taɓa kora akuya biyu da rabi zuwa kiwo.

Rikici yana tasowa ne ranar da aka ce a ɗebe 8 daga 5. A firamare an saba ce wa yaro hakan ba ya yiwuwa, sai kuma daga baya a ce masa amsar ita ce −3. A nan sai a ja dogon layi a takarda, a sa sifili a tsakiya, a jera 1, 2, 3 ta hannun dama, sannan −1, −2, −3 ta hannun hagu. Dukkan waɗannan, har da sifilin, su ake kira intija a aji. Ƙara lambar da ta fi sifili tafiya ce zuwa dama, rage ta kuma komawa hagu ne.

A ganina, layin kaɗai ba ya isa sai an haɗa shi da bashi, kuma dabarar ba sabuwa ba ce, domin masanin lissafin nan na Indiya, Brahmagupta, da dukiya da bashi ya bayyana ƙa'idojin waɗannan lambobi tun shekarar 628. A ce kana da naira 500, ka karɓi kayan naira 800 a shagon unguwa. Mai shago zai buɗe littafinsa ya rubuta yana binka 300, wato kana kan −300. Da wannan ake gyara kuskuren da ɗalibai suka fi yi, na ɗaukar −7 ta fi −2 girma saboda bakwai ta fi biyu. Sai a tambayi yaron: tsakanin wanda ake bi naira bakwai da wanda ake bi biyu, wa ya fi samun sauƙi?

Wurin da ya fi wuya shi ne ɗebe lamba mai alamar ragi. Idan ana binka 300, mai shago ya ce ya yafe 200, an ɗebe bashi ne daga kanka, kuma tamkar an ba ka kuɗi ne: −300 − (−200) = −100. Haka ninkawa take. Cin bashin 200 sau uku shi ne 3 × (−200) = −600, yafe waɗannan basussuka uku kuma shi ne (−3) × (−200) = 600.

Kafin a amince da kowace amsa, a sa yatsa a kan lambar farko a layin, a ƙirga taku ɗaya bayan ɗaya, a ga ko inda yatsan ya tsaya ya dace da abin da aka rubuta.