Yadda za ku maida wa'azin Lahadi ya zama rubutu a intanet

Sauti shi ne kan gaba, in bai fita tas ba to duk manhajar da kuka ba wa shirme za ta rubuto muku. Kar a ajiye waya a kujerar baya ana rikodin, za ta kwaso kukan yara da tarin jama'a, a jona ta kai tsaye da mikisa inda makirufon fasto yake shiga. Sai a yanke waƙoƙi da sanarwa a bar wa'azin zalla, manhajar gyaran sauti ta Audacity kyauta ce kuma ta isa wannan aikin.

Daga nan a loda fayil ɗin a manhajar da ke maida magana rubutu. Whisper da OpenAI ta fitar a 2022 tana ƙoƙari sosai a Turanci, a Hausa kam tana yawan tuntuɓe. Akwai kuma MMS na Meta da ya fito a 2023, wanda aka horar da shi da karatun Sabon Alkawari a harsuna sama da 1,100, ku gwada duka biyun ku ga wanda ya fi gane muryar fastonku.

Abin da zai fito fa ba abin wallafawa ba ne tukuna. Wa'azin minti 40 zai iya haura kalma 5,000, cike da maimaici da "ku ce amin", ga ayoyi a hargitse, Yohanna 3:16 sai ta koma Yohanna 316, su Habakkuk da Tasalonikawa kuwa sai dai haƙuri. Mutum ɗaya ya sa abin ji a kunne, Littafi Mai Tsarki a buɗe a gabansa, ya bi kowace aya yana dubawa.

In za ku ba ChatGPT ya gyara, ku ce masa ƙarara ya cire maimaici, ya raba sakin layi ya sa kanun magana, amma kar ya ƙara ko kalma ɗaya ta koyarwa. Nan ne abin ya fi damuna, don irin waɗannan manhajojin suna iya ƙirƙiro aya ko su sauya ma'ana cikin daɗin harshe, mai karatu ya ɗauka fasto ne ya faɗa.

Ku cire sunan duk wanda aka ambata a shaida ko roƙon addu'a, abin da aka faɗa cikin ikilisiya ba lallai mai shi ya so duniya ta karanta ba. Sannan a kai wa faston ya karanta da idonsa, sai ya amince a ɗora a shafin coci, a gutsuro ɗan yanki a sa a Facebook da WhatsApp tare da adireshin cikakken rubutun.