Darasi na 9: Lambun Buhu da Masu Gadinsa

Da yawa daga cikinmu gidan haya muke zaune. Tsakar gidan duk siminti ne, ko kuma ɗan lungu kawai ke gare mu a bayan ɗaki. Wannan ba ya hana shuka kayan miya. Buhu ɗaya ya isa a fara.

Ku samo buhun shinkafa mai cin kilo 50, wanda ba a taɓa zuba maganin ƙwari a ciki ba. Ku huda gindinsa wuri biyar ko shida don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Sai ku gauraya ƙasa kwano biyu da taki kwano ɗaya, har ya isa cika buhun. Takin ya zama ruɓaɓɓe. Ɗanyen kashin kaji zafi gare shi, yana ƙona saiwa. A tara shi a rami tare da kashin awaki, busasshen ganye da ɓawon kayan miya, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa. Bayan wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya daina wari.

Ga dabarar da ke sa ruwa ya kai har ƙasa. Ku yanke gindin babban gwangwani, ku tsayar da shi a tsakiyar buhun, ku cika shi da tsakuwa. Ku zuba ƙasa kewaye da shi, ku ja shi sama, ku sake cika shi da tsakuwa. Haka za ku yi ta yi har bakin buhu. A kan tsakuwar nan ake ban ruwa.

A ajiye buhun inda rana ke samunsa kamar awa shida. A sama a dasa tumatir ko attarugu guda biyu. A jikin buhun a yi 'yan tsaga, tazarar taƙi ɗaya, a cusa dashen alayyahu ko albasa. Cikin mako huɗu alayyahu ya kai tsinka. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk suna yi, amma ban da ruwan omo.

Masu gadi

Nan ne nake so mu daɗe. Da zarar ganye ya yi kore, ƙwari za su zo: darɓa, tsutsa da fara. Masu cin su ma za su biyo sawu, in dai mun bar su da rai.

Ku dubi kwaɗo. Da rana yana maƙale a ƙarƙashin randa, inda ƙasa ke da sanyi. Bayan magariba zai fito ya zauna a gindin buhu shiru. Ƙwaro na giftawa, sai harshe ya fita ya koma, ido bai ko gani ba. Haka yake kwana yana yi mana aiki, amma da safe yara su bi shi da jifa. Abin yana ba ni takaici ƙwarai. Ku kifa masa fasasshiyar tukunya a inuwa, ku bar ƙofar shiga, ya samu ɗaki.

Zanzaro ma haka. Ɗan gidan laka da yake ginawa a bango rumbu ne. Yakan kamo tsutsa daga kan ganye, ya harbe ta, ya tura ta ciki don 'ya'yansa su ci. Ƙoƙi-ƙoƙi da gizo-gizo da tsaka duk ƙwari ne abincinsu.

Ƙadangare kam na bakin tulu ne. Yana cin ƙwari da yawa, amma wani lokaci yakan gutsiri ɗanyen tsiro. Kada a kashe shi. A rufe ƙananan shuka da tsohon gidan sauro har su yi ƙarfi, sannan a yaye.

Shi kuwa kudan zuma, ba don shi da 'yan uwansa ba, da kabewa ba ta yi 'ya'ya ba. Furenta namiji daban, mace daban, sai an samu mai kai garin fure daga wannan zuwa wancan. Ku bar ɗoɗɗoya ko zogale su yi fure a kusa. Ku ajiye ruwa a faranti da 'yan duwatsu a ciki don ƙudan ya sha bai nutse ba, kuna sauya ruwan duk kwana biyu saboda sauro.

In ƙwari sun yi yawa

Maganin feshi na kanti ba ya zaɓe. Yana kashe mai ɓarna, ya kashe mai gadi, ga shi kuma tsakar gida ce da yara ke wasa. Ba kullum ma yake ci ba. A 2016 ƙwaron da manoma ke kira sharon ya cinye tumatir a Kano da Kaduna, duk da feshin da aka yi ta yi, domin tsutsarsa cikin ganye take ɓuya.

A lambun buhu hannu ne maganin farko. Kullum da safe ku ɗaga ganye ku duba bayansa, ku tsince tsutsa ku ba kaji. Ganyen da ya yi zane fari-fari ku cire shi ku ƙona. In abin ya fi ƙarfin hannu, ga darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko bedi. A daka busassun ƙwayoyin 'ya'yanta rabin kilo, a jiƙa a ruwa lita 10, a bari ya kwana. A tace da tsumma, a yayyafa sama da ƙasan ganye. Da yamma lis ake yi, bayan kudan zuma ya koma gida. A wanke ganyen sosai kafin a dafa, saboda ɗaci.

Aiki

Yau bayan sallar isha'i ku ɗauki tocila ku zagaya inda za ku ajiye buhunku. Ku rubuta a littafinku sunan kowace halitta da kuka gani, da abin da kuka same ta tana yi. Ku zo da shi aji mu karanta tare.