Yadda Nake Gane Rezonans na Maganaɗisu a Faifan Zinare

Zinare ba ya bin maganaɗisu. Amma in ka tsara shi yadda haske zai tilasta wa ilektiron zagayawa, wannan zagayen kan haifar da ɗan filin maganaɗisu nasa na kansa. A wani tsawon zangon haske zagayen yakan yi ƙarfi sosai; wannan shi ne rezonans na maganaɗisu. Tun 1999 John Pendry da abokan aikinsa suka nuna haka da zobe mai tsaga. Ni dai na fi son farawa da faifai biyu, domin sun fi zobe sauƙin zanawa.

A manhajar FDTD, wato manhajar kwamfuta mai kwaikwayon yadda haske ke ratsa abu, ɗora faifan zinare biyu ɗaya bisa ɗaya, faɗin kowanne nanomita 100, kauri 20, ka sa silika, wato sinadarin gilashi, mai kaurin nanomita 10 zuwa 20 a tsakaninsu. Siffofin zinaren kuwa, wato yadda yake amsa haske, ɗauko su daga ma'aunin Johnson da Christy na 1972. Matse ragar lissafi, wato ƙananan akwatunan da manhajar ke raba tsarin a cikinsu, a tsakanin faifan zuwa nanomita 1 ko 2. In raga ta yi faɗi, sakamako zai yi maka ƙarya.

Haska su daga sama. Galibi za ka ga tudu biyu a jadawalin da ke nuna amsar tsarin a kowane tsawon zangon haske: babba a gajeren zango, ƙarami a dogon zango. Ƙaramin ake zargin na maganaɗisu ne, amma kada ka yanke hukunci da jadawali kaɗai. Na taɓa ɓata mako guda ina murna da wani tudu, ashe na lantarki ne zalla.

Abin da ke raba gardama shi ne alƙiblar kwararar lantarki. Tsaya daidai kan tudun, ka yanka tsarin a tsaye, ka zana kibiyoyin kwararar a kowane faifai. In ta sama ta nufi dama, ta ƙasa ta nufi hagu, madauki ya rufu, kuma za ka ga filin maganaɗisu ya taru cikin silikar. In duk sun fuskanci gefe guda, wannan na lantarki ne. Sai ka rage kaurin silikar: tudun maganaɗisu zai ƙara matsawa dogon zango, saboda faifan sun ƙara jin juna.

In za a ƙera shi a zahiri, saka siririn titaniyam ɗin da ake liƙa zinare da shi cikin lissafinka, ko da nanomita 2 ne. Yana shan makamashi sosai, ya baje ƙaramin tudun har ya kusa ɓacewa.