Kurakuran da malaman tarihi ke yi da taswirar kwamfuta

Na gaji da ganin sababbin malamai suna buɗe Google Earth a aji, su juya duniya sau biyu, yara su yi shewa, a tashi ba a ƙaru da komai ba.

Mafi muni shi ne barin iyakokin ƙasashen yau a kan taswira alhali ana karatun ƙarni na 19. Ni kaina na sha wuyarsa. Ina koyar da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, na sa alama a Ɗegel, na ja layin hijira zuwa Gudu a 1804, na nuna Alkalawa, babban birnin Gobir, da aka ci a 1808, amma na manta ban kashe layin iyaka ba. Ranar jarrabawa sai ga yara suna rubuta wai sarakunan Katsina da suka koma Maraɗi "ƙasar waje" suka gudu. Wace ƙasar waje? Layin nan na tsakanin Najeriya da Nijar fa Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata shi a yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, kusan shekara ɗari bayan jihadin! Mako biyu na kwashe ina kwance abin da hoto ɗaya ya ƙulla, domin yaro ya fi yarda da idonsa a kan bakin malam. Yanzu kafin kowa ya shigo nakan kashe iyakoki da tituna, in bar gulbin Rima da tuddai kawai. Gobir ma da launi mai dishi-dishi nake zana ta, saboda ikon sarki raguwa yake yi gwargwadon nisa daga birni. Sai ƙarshen zango nake kunna layin, su ga garuruwan da ya raba.

Haka Tafkin Chadi. Haba malam, ka nuna hoton tauraron ɗan'adam na bana ka ce nan ne tafkin zamanin Borno? A shekarun 1960 ma faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Ka zana tsohon bakinsa da hannunka.

Kada ka miƙe layi daga Kano zuwa Agadas, ayari rijiyoyi yake bi. Alamomi kada su wuce bakwai a darasi ɗaya. Kuma ka tashi daga kan kujerar nan, ka bar ɗalibi ya nemo Kukawa, tsohon babban birnin Borno, da kansa.

Intanet kuwa ba na ba ta amana. Tun da dare nake ajiye darasin a fayil ɗin KMZ, irin fayil ɗin da Google Earth ke adana alamomi da layuka a ciki, in ɗauki hotunan allon in zuba a waya, ko da wuta za ta ɗauke.