Rigar ƙyalli da damina: kurakuran da masu aikin bakin hanya suka fi yi

Da zarar watan Yuni ya kama, hadari ya fara tasowa daga gabas, sai aikinmu ya ƙaru: yashe magudanan ruwa, gyaran kwalbati, cike inda ruwa ya zaizaye gefen kwalta. Sana'ata ke nan, ina jagorantar leburori a ƙananan kwangiloli tsakanin ƙauyukan Kano da na Jigawa. Kowace damina sababbin yara suna zuwa, kuma kuskuren da na bara suka yi shi na bana suke yi. Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya a gefen hanya, wato maganar rigar ƙyalli, falmaran ɗin da ake sawa don direba ya hango mutum. Maganar kuma ba ta leburori ce kaɗai ba. Ta shafi ɗan acaɓan da ke kwaso fasinja daga kasuwar Wudil ranar Juma'a bayan magariba, da manomin shinkafar Kura ko Bunkure da ke komawa gida a keke, da mai amalanken shanu da ke bin gefen titi da yamma.

Kuskuren farko shi ne rashin sanin cewa rigar nan abu biyu ce aka haɗa. Akwai yadin, mai ruwan ɗorawa ko ruwan lemo mai kashe ido. Shi da hasken rana yake aiki, ko da gari ya lumshe da hadari, amma da duhu ya shiga ya tashi daga aiki. Sai tef ɗin nan mai ruwan toka da aka ɗinka a jiki. Shi ba ya ba da haske da kansa, hasken fitilar mota yake karɓa ya mayar inda ya fito, wato wajen direba. Yadi na rana ne, tef na dare. Wanda ya sayi falmaran mai kala ba tef, ko mai siririn tef kamar na ado, rabin riga ya saya. Faɗin tef na ƙwarai bai kamata ya gaza santimita 5 ba, kusan yatsu uku a jere, kuma ya zagaye jiki gaba da baya.

Yanzu ga wanda ya fi ci mini rai: ɗora baƙar rigar ruwa a kan falmaran.

Kusan kowa yana yi. Ana cikin aiki, iska ta taso, yayyafi ya fara, sai kowa ya ruga ya zaro rigar ruwansa, baƙa ko shuɗiya mai duhu, ya zura a kan falmaran ɗin da aka ba shi da safe. Wani ma buhun leda yake hudawa ya zura kai. A daidai lokacin da gari ya yi duhu, gilashin mota ya yi hazo, direba yana leƙen hanya da ƙyar, a lokacin ne mutum yake rufe abu ɗaya da zai sa a gan shi. Kamar ka kunna fitila ne ka kifa mata ƙwarya.

Akwai wani yaro da ya yi mini aiki, saurayi mai ƙwazo, ba ya jiran a ce masa yi. Cikin watan Agusta muna ƙarasa bakin wani kwalbati gab da magariba, ruwa ya kece. Kowa ya gudu rumfa, shi sai ya tuna ya bar shebur da kwanon siminti a ɗaya gefen, ya zura baƙar rigar ruwansa ya tsallaka. Yana dawowa wata motar haya ta kwashe shi. Direban bai gudu ba, ya fito jikinsa yana rawa yana cewa, "Wallahi Malam ban gan shi ba, ƙara kawai na ji." Na yarda da shi, domin ni da nake tsaye a rumfa na san yaron yana wurin ma da ƙyar nake hango shi. A asibiti da aka yanka baƙar ledar da almakashi, ga falmaran ɗin nan a jikinsa, sabuwa fil, tef ɗinta yana ƙyalli a hasken ɗakin. Ƙashin cinyarsa ya karye. Ya yi watanni a kwance, gonar mahaifinsa ta rasa mai noma na biyu, aikinmu ya tsaya, abin da zan samu a kwangilar ya tafi a magani, kuma har yau idan ya yi doguwar tafiya yana ɗingishi. Mahaifinsa, dattijon kirki, ya ce mini, "Malam, kada ka sa wa ranka damuwa, ƙaddara ce." Na amsa masa da haka ne, Baba. Amma rigar da za ta nuna shi tana jikinsa, rufe ta aka yi.

Ku yi lissafi da kanku. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa. A jiƙaƙƙiyar kwalta kuma nisan da take buƙata kafin ta tsaya yana iya ninka na busasshiya. Ku ƙara da tayoyin da suka suɗe, da waifar da ba ta share gilashi sosai, da fitila ɗaya da ta mutu. Idan direba bai gan ka ba sai da ya rage mita 20, ƙafarsa ba ta ma kai kan birki ba ya iso ka.

Tun daga ranar dokata ɗaya ce, kuma ba na sassautawa: falmaran ita ce ta ƙarshe a jiki. Ka sa rigar ruwa, ka sa rigar sanyi, ka sa abin da ka ga dama, amma ita a sama. Shi ya sa nake sayen masu girma, waɗanda za su hau kan rigar ruwa su kuma rufu a gaba. Wanda na gani a kan kwalta da baƙar leda a waje, ranar ya gama aiki, ko ɗan wane ne. Wasu suna cewa na cika zafi. To, su je su ga yadda ake ɗaga mutum da karyayyar cinya cikin taɓo. Wanda yake da hali, abin da ya fi shi ne ya sayi rigar ruwa wadda ita kanta mai kala ce da tef, har da wandonta, sai a huta da maganar wace ce a sama.

Amma nan ma akwai tarko. Rigar ruwa ta roba zalla, mai kauri, wadda iska ba ta ratsa ta, ba a iya aikin ƙarfi a cikinta a daminarmu. Ruwan sama bai taɓa ka ba, amma gumi ya jiƙa ka sharkaf, kafin rabin awa ka cire ta ka rataye a reshe, ka koma aiki da singileti. Rigar da ke rataye a reshe ba ta tsare kowa. Ku nemi wadda ke da buɗaɗɗen baki a baya ko a hammata inda zafi zai fita. Ku juya cikinta ku duba ɗinkin: idan ba a manne wani siririn tef a kan layin ɗinki ba, ta ramukan allura ruwa zai shiga, kafaɗa za ta fara jiƙewa. Masu kyau suna ɗauke da lambar inganci ta EN 343 a takardar wuya, da alkaluma biyu a gefen wani ɗan hoto: na sama na hana ruwa shiga, na ƙasa na barin gumi ya fita. A sabon tsarin 2019 daga 1 zuwa 4 ne, kuma 4 ne ya fi. Mutane na sama kawai suke dubawa. A zafinmu na ƙasan ne zai sa ka iya barin rigar a jikinka.

Wani kuskuren da nake ɗaga murya a kansa shi ne amincewa da tef ba tare da an gwada shi a jiƙe ba. Yawancin tef ɗin da ke kasuwa ƙananan ƙwayoyin gilashi ne aka manna a kan yadi. Idan ruwa ya lulluɓe ƙwayoyin, hasken ba ya komawa yadda ya kamata, ƙyallin ya ragu. Na ƙwarai an gwada shi da ruwan sama kafin a fitar da shi, yana jurewa. Na arha kuwa a bushe yana walƙiya, ana zuba masa ruwa sai ya koma toka kawai. Akwai wani irin kuma da aka rufe a cikin roba mai santsi, idan ka duba kusa za ka ga zanen ƙananan gidaje a jere a cikinsa. Shi ruwa bai cika rage masa ƙarfi ba, sai dai ya fi tsada kuma ya fi tauri a jiki.

Ga yadda nake yi, kuma ba a littafi na gani ba. Idan na shiga Sabon Gari ko wajen 'yan gwanjo a Ƙofar Wambai, ɗaya nake fara saye. Da dare in rataye ta a jikin katanga, in ja baya taku hamsin ko fiye, in ɗora tocila a gefen idona, daidai kan kunci, in haska. Riƙe tocilar a nan yana da muhimmanci, domin hasken inda ya fito yake komawa, idan ka riƙe ta a ƙugu ba za ka ga gaskiyar tef ɗin ba. Daga nan in sa yaro ya ɗauki buta ya kwarara mata ruwa ina kallo. Idan ƙyallin ya mutu, ba na komawa shagon. Idan ya tsaya, gobe in je in saya wa kowa. Mai shago zai ce maka, "Alhaji, duk ɗaya ne, kamfani ɗaya ne yake yi." Ba ɗaya ba ne. Araha ba ta ado.

Lambar da ake nema a kan rigar ƙyalli ita ce EN ISO 20471, wadda ta fito a 2013 ta maye gurbin EN 471. Aji uku ne, gwargwadon yawan yadi mai kala da yawan tef. Aji na 2 yana buƙatar yadi rabin murabba'in mita, falmaran mai kyau a nan take. Aji na 3 yana buƙatar murabba'in mita 0.80, kuma falmaran kaɗai ba ta kai wa nan, sai da hannuwa ko wando mai tef. Wanda ke aiki a babbar hanya irin ta Kano zuwa Maiduguri, inda tireloli ke gudu, aji na 3 ya kamace shi. Direban tirela yana zaune can sama nesa da fitilunsa, don haka ƙyallin da ke isa idonsa bai kai na mai ƙaramar mota ba. Tef a hannu da ƙafa kuma yana motsi, direba ya gane mutum ne ba allon gefen hanya ba. Sai dai kowa yana iya buga lamba a takarda ya ɗinka a wuyan riga, saboda haka lamba ba ta hana ni gwajin buta.

Sai wanki, inda ake kashe riga mai kyau a wata guda. A jiƙa ta a omo kwana ɗaya, a zuba bilic, a dirje tef da buroshi, a murɗe, a shanya a tsakar rana har la'asar, wani ma ya sa dutsen guga. Dirzawa tana kankare ƙwayoyin gilashin, rana tana cinye kalar. Ku gaya wa masu wankin gida, ko ku wanke da kanku: ruwan sanyi, sabulu kaɗan, a juya cikinta waje, a shanya a inuwa. A takardar wuya ana rubuta iyakar wankin da tef zai ɗauka, sau da yawa 25 ko 50. Kishiyar wannan kuskuren kuma su ne waɗanda ba sa wankewa sam. Jar ƙasar da tifa ke watsowa tana rufe tef ruf, tsumma mai laima ya isa a goge shi kullum bayan tashi.

Game da kala, ni ruwan lemo nake saye da damina. Mai ruwan ɗorawa da ya ja zuwa kore yana sajewa da gonakin gero da masara idan ganye ya cika a Agusta, balle idan ya fara koɗewa. Ma'aikatan layin dogo a Ingila ma ruwan lemo suke sawa. Wasu abokan aikina ba su yarda da ni ba, suna cewa ɗorawa ta fi haske da almuru, ban hana su ra'ayinsu ba.

Sauran ƙanana ne, amma kullum sai na gan su. Barin gaba a buɗe, iska tana kaɗa rigar baya. Goya jaka ko tankin feshi a kan tef ɗin baya. Ɗan acaɓa ya sa falmaran, ya ɗauko fasinja da buhu sun rufe shi, a nan fasinjan ne ya kamata ya sa, ko a manna tef a bayan babur da hular kwano. Riga mai yawan girma da ke lilo kusa da injin kwaɓa siminti. Hular rigar ruwa da ke toshe kunne da gefen ido, a kan kwalta gara a sauke ta kafin a tsallaka. Silifas a cikin taɓo maimakon rambut. Ajiye riga a jiƙe cikin leda har ta yi fumfuna.

Ku kuma 'yan kwangila 'yan'uwana, ku daina raba rigunan da suka koɗe tun daminar bara waccan don kawai idan masu duba aiki sun zo su ga kowa da riga. Wadda tef ɗinta ya tsattsage, ko kalarta ta koma ta busasshen kara, a cire ta daga cikin kaya. Ku ajiye rarar guda biyu ko uku a mota saboda wanda tasa ta yage da wanda aka ɗauka aikin yini. Idan kuma ruwa ya yi ƙarfin da kai kanka ba ka hango motar da ke tahowa sai fitilarta, a tsayar da aiki, a kwashe mutane daga kan kwalta zuwa bayan magudanar ruwa, suna fuskantar inda motoci ke fitowa, kuma ba ƙarƙashin doguwar bishiya ba saboda tsawa. Shebur da kwanon da aka manta a tsallake su kwana a can.